Haƙƙin Hanya: Tsakanin Dokar Amurka da Shari'ar Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a shekarar 2024 wasu sanatocin Amurka suka gabatar da ƙudurin doka mai neman ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga duk wanda ya tare hanyar jama'a da gangan. Wannan ya biyo bayan zanga-zangar nuna goyon baya ga al'ummar Gaza, wadda aka riƙa toshe manyan tituna a cikinta. Kafin su, a 2022, Ingila ta mayar da wannan laifi wanda ake ɗauri a kansa, alhali a da tara ce kawai.

Zukatanmu suna tare da Falasɗinawa, babu shakka. To, amma kyawun niyya ba ya halatta haram. Hadisin Abu Sa'idil Khudri, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Da suka ce ba su da makawa, sai ya shardanta masu haƙƙoƙi 5: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umurni da kyakkyawa da hani da mummuna. Haka nan ya lissafa kawar da ƙazanta ko ƙaya daga hanya cikin rassan imani. In kawar da ƙaya imani ne, mene ne hukuncin wanda ya mayar da kansa ƙayar? A bayan shingen nan akwai mai naƙuda, da majinyaci, da ɗan ƙwadago mai neman abincin yini, ba ɗayansu da ya zalunci kowa.

Sai dai kuma muna jan kunnen masu mulki. Dokar da aka yi domin kare matafiyi ba ta zama bulalar rufe bakin wanda aka zalunta ba, kuma wajibi ne horo ya yi daidai da girman laifi.

Sa'an nan mu dawo gida, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sau nawa muke datse titi saboda ɗaurin aure, ko walima, ko wa'azi, ko mu jibge motoci a ƙofar masallaci ranar Juma'a? Wanda aka tsare a rana, da wane kunne zai saurari da'awarmu? Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai da 'yan agaji su nemi fili domin taruka, su bar wa ababen hawa mafita, tun kafin hukuma ta tilasta mana abin da Sunna ta riga ta wajabta.

Allah Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.