Jawabi Ga Hakimai da Malamansu Kan Aikin Tsara Filayen Gari

A cikin ayyukan Gwamnati akwai wani wanda iyaye ba su cika nema wa 'ya'yansu ba, watau aikin tsara filayen gari da kiyaye wuraren tarihi. Ma'aikacin nan shi ke nuna inda ya kamata a haƙa rijiya, da inda za a ɗebi ƙasar gini, da inda za a dasa itatuwa, da kuma inda ba za a sa fartanya ba ko kaɗan.

Abin da ya auku a Abare, cikin ƙasar Anka, ya isa shaida. A shekarar 1910 da ɗari, watau 2010, aka gane yara suna mutuwa saboda ƙurar dalma, domin ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum an rasa yara kimanin 400. Likitocin ƙungiyar MSF suka ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma ya yi rarrafe a tsakar gidan da ya cuce shi. Saboda haka aka bi gida gida ana kankare ƙasa, aka kwashe ta zuwa manyan ramuka a bayan gari aka binne, sa'an nan aka shimfiɗa sabuwa. Kafin ƙarshen 2011 an gama ƙauyuka bakwai, har da Abare, da Dareta, da 'Yargalma. Bagega kuwa sai a 2013.

To, dalma ba ta ruɓewa. Tana nan kwance a ramukan nan. Ran da wani magini ya haƙa wurin don yin tubali, ya mayar da cutar cikin ɗaki ke nan. Baƙin da suka yi aikin sun koma ƙasashensu, ɗan ƙasa mai ilmi kaɗai zai iya riƙe taswirar wuraren.

Haka al'amarin ganuwa da kufai ya ke, masu ɗibar ƙasa su ne ke cinye su. Tun 1953 aka kafa dokar kiyaye kayan tarihi, a 1964 kuma aka sa Surame, birnin Kanta, cikin wuraren da Gwamnati ke tsaro. Amma doka ba ta gadi sai da ma'aikaci.

Yaron da ya ƙare sakandare, namiji ko mace, yana iya koyon zanen gine-gine ko tsara birane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga nan sai ya nemi aiki a ma'aikatar filaye, ko ta muhalli, ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979.

Ana roƙon kowane hakimi ya nemi irin waɗannan yara a gundumarsa ya ƙarfafa su. Kafin su kammala, malamin hakimi ya rubuta kowane rami da kufai a littafi, da iyakokinsa, ya karanta wa dagatai.