Injin Yana Kuka, Bodi Bai Tashi Ba

Karatu: Yahaya 15:1-8



Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, mun saba ganin tifa tana juye yashi a wurin gini. Amma wani lokaci direba yakan taka totur, injin ya yi ta kuka, bodi kuwa ya ƙi ɗagawa. Bakanike mai hankali ba ya fara kwance injin. Yakan duba ko famfo ya haɗu da giya, ko mai ya ƙare, ko tiyo ya tsage. Ƙarfi yana nan, bai dai kai ga jak ba.

Haka muke. Muna waƙa, muna zuwa sujada, amma kayan da ke zuciyarmu ya ƙi sauka. Sai mu ce Allah bai ji ba. Yesu ya kwatanta mu da reshe, wanda ba ya ba da 'ya'ya in ya rabu da kuringa. Mu bincika inda muka tsinke. Gaba da ɗan'uwa ce? Zunubin da muka ɓoye ne? Mu gyara yau.

Bari mu yi addu'a: Ya Uba, ka sāke haɗa mu da Ɗanka. Amin.