Jawabi: Mai kantin ƙauye da ya zama depite

 

Yau za mu yi magana bisa wani mutum na ƙasar Amurka, sunansa Abraham Linkon. An haife shi a shekara ta 1809. Ubansa manomi ne, talaka. Duk zamansa na lakwal bai wuce shekara guda ba. Sauran karatun, shi ya koya ma kansa da littattafan aro.

A shekara ta 1831 ya sauka wani ƙauye da ake ce ma Niyu Salem, cikin jihar Ilinoy. Ya kama aikin yaron kanti. Mutane suka ga ba ya tauye awo, ba ya cin canjin kowa.

A 1832 ya nemi shiga majalisar dokokin jiha, watau ya zama depite. Ƴan takara 13 ne, ya zo na 8, ya faɗi. Amma ku ji wannan: a mazaɓar ƙauyensu, cikin ƙuri'a 300 ya samu 277. Waɗanda suka san shi, su suka yarda da shi.

Bayan haka, shi da wani abokinsa mai suna Beri suka sayi kanti da bashi. Ciniki bai yi ba, kanti ya mutu. A 1835 Beri ya rasu. Bashi ya hau kan Linkon, wajen dola 1100, kuɗin Amurka. Har kotu ta sa aka yi gwanjon dokinsa da kayan aikinsa na awon filaye. Wani maƙwabci ya saye su, ya mayar masa. Linkon bai gudu ba, bai yi gardama ba. Ya yi ta biya kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ya gama.

A 1834, yana da shekara 25, jama'a suka zaɓe shi depite. Kuɗin tufafi da na tafiya ma, aro ya yi. Sau huɗu ana zaɓen sa. A majalisa ya goyi bayan gina hanyoyi, don manoma su kai amfanin gona kasuwa. A 1837 ya sa hannu bisa takarda da ke cewa bauta zalunci ce. A 1861 ya zama shugaban Amurka. A 1863 ya ba da dokar ƴanta bayi a jihohin da suka yi tawaye. An kashe shi a 1865.

To, ƴan'uwa, kantinsa ya karye, amma amanarsa ba ta karye ba. In mutum ya zo neman ƙuri'arku, ku tambayi garinsu. Yaya mudunsa? Yana biyan bashi? Wanda ya riƙe amanar mudu, shi ke iya riƙe ta jama'a.