Jinin Dasashi Ba Abin Rainawa Ba Ne

 Yau zancenmu a kan baki ne, da yadda ciwonsa yake iya kaiwa har ƙwaƙwalwa.

Da yawanmu in mun goge baki muka tofar da jini, sai mu ce asuwaki ne ya yi tauri. A'a, 'yar uwa. Lafiyayyen dasashi ba ya jini haka kawai. Dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta, su ke sa dasashi kumburi. In abin ya daɗe sai su shiga jini, kumburin ya bi jijiyoyi, ya taimaka wa kitse taruwa har hanyar ta ƙuntace. Ranar da gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ranar ake cewa wance ta sami shanyewar ɓarin jiki.

A 2018 an fitar da wani bincike a Amurka, inda aka bi dubban mutane tsawon shekara 15. An ga masu ciwon dasashi sun fi kamuwa da wannan lalura, masu zuwa wurin likitan haƙori a kai a kai kuma haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 23 cikin 100.

Amma fa a fahimce ni: hawan jini shi ne uban tafiya, sai ciwon suga da taba. Ciwon dasashi ƙari ne a kan kaya, kuma ƙarin da za ki iya saukewa da hannunki.

To me za ki yi? Ki goge baki sau biyu a rana, minti bibbiyu, musamman kafin barci. Asuwaki ko buroshi, ki kai shi har turame. Ki canza buroshi duk wata uku. Kanumfari yana kwantar da zogi, amma ba ya warkar da ciwo. Mai juna biyu, kada ki ce jinin dasashi na ciki ne ki share. Ki faɗa a wurin awo.

In kuwa kika ga bakin wani ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafe-shafe. A garzaya asibiti nan take.

Sai mako mai zuwa. A huta lafiya.