BIKIN WANKE FARTANYA A ƘASAR KORIYA

Jama'a, yau za mu yi tafiya mai nisa, amma ba za mu tashi daga kan tabarmarmu ba. Za mu ƙasar Koriya, can gabas, tsakanin ƙasar Sin da Japan. Tun 1945 aka raba ƙasar biyu, Arewa da Kudu, amma al'adar da za mu ba ku labarinta ta girmi rabuwar nesa ba kusa ba.

A da yawancin mutanen Koriya manoma ne, babban abincinsu kuwa shinkafa. Suna da lissafin wata irin nasu. Ran 15 ga watansu na bakwai, sa'ad da wata ya cika, sukan yi wani biki wai shi Bekjung. Yawanci yakan faɗo cikin Agusta. An ce ma'anar sunan ita ce iri ɗari, domin a lokacin nan kayan lambu da 'ya'yan itace sun wadata.

Me ya sa suka zaɓi wannan rana? Ku manoma ne, kun san amsa. Shinkafa tana son noma har sau uku. Mutum ya wuni a sunkuye cikin ruwa da taɓo, ga zafi, da 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota, wadda su ke kira homi. Kafin tsakiyar watan bakwai an gama noman ƙarshe, girbi kuwa da sauran lokaci. Sai a wanke fartanya, a rataye ta. Wannan shi ne wankin fartanya.

To, wa ya fi kowa shan wahalar noman nan? Bara. Mai gona babba yakan ɗauki bara na shekara guda. A gidansa zai kwana, a nan zai ci, ladansa kuwa shinkafa ce, sai ƙarshen shekara. Ba shi da gona, sau da yawa ba shi da mata. Amma ran Bekjung rana tasa ce. Ba zai taɓa aiki ba. Maigida zai ba shi kuɗi, wani ma har da sabuwar riga, ya tafi kasuwa ya ci abin da ransa ke so. A bakin kasuwa a yi kiɗa, a yi kokawa, wanda ya ka da kowa a ba shi sa.

Ga inda abin ya fi ba mu sha'awa. Mutanen ƙauye sukan duba gonaki, su ga wadda ta fi kyau. Ba mai gonar za a ɗaukaka ba, baransa za a ɗaukaka. A sa masa malfa, a hau da shi bisa sa, a zaga gari da shi ana kiɗa. In an zo ƙofar maigidansa, tilas ya fito da abinci da abin sha ya ciyad da jama'a. A wasu ƙauyuka, in baran tuzuru ne ko gwauro, dattawa sukan nema masa mata. Kwana ɗaya ne tak cikin shekara, gobe kuma ya koma ƙarƙashin maigida. Duk da haka gari duka ya shaida hannun da ya yi aikin.

Yanzu barance irin wannan ya ƙare. Samari sun koma birane, injuna sun karɓi aikin. Amma a garin Miryang, a kudu maso gabas, har yanzu ana yin wasan, da rawar ganguna biyar, da wata rawa ta kwaikwayon manyan mutane. A 1980 gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa shi cikin al'adun da ta ke kiyayewa. Mabiya addinin Buda kuwa a wannan rana su ke kai sadaka ɗakunan ibadarsu saboda iyayensu da suka mutu.

Mutanen tsibirin Jeju suna da tasu tatsuniya. Wai Bekjung sunan wani makiyayi ne. Wata rana yana kiwo a bakin teku, sai ya ji sarkin sama na tatsuniyarsu yana umurtar wani ƙaton kunkuru ya saki ruwa da iska mai ƙarfi a daren nan. Makiyayi ya san in iskar ta zo, amfanin gona da dabbobi sun hallaka. Sai ya hau tudu, ya kwaikwayi muryar sarkin, ya kira kunkuru ya ce ruwa kaɗai za a saki, ban da iska. Haka kuwa aka yi. Da sarki ya gane, ya husata, ya aika a kamo shi. Makiyayi ya faɗa teku ya mutu. Shekaran nan aka sami albarka ƙwarai. Saboda haka, in ji su, makiyayan Jeju suka riƙa fita makiyaya da abinci a daren 14 ga wata, suna tunawa da shi.