Rufe Makarantu da Haɗe Su: Darasi daga Ƙasar Zamfara



A shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, manufar hukuma ita ce a kai makaranta ƙofar gidan talaka. Shekara 45 bayan haka, tilas ta sa aka koma ana garƙame ƙofofin makarantu.

Ran 26 ga Fabrairu, 1921 ba ita ce abin tunawa ba. Ran 26 ga Fabrairu, 2021 ce. A daren nan 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe, cikin ƙasar Talata Mafara, gwamnati ta rufe makarantun kwana. A watan Agusta aka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a Kaya, cikin Maradun. Daga nan sai gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar baki ɗaya.

To, wasu na ganin magani shi ne a haɗa makarantun karkara da na cikin gari, inda tsaro ya fi. Lalle rai ya fi karatu. Amma fa haɗin yana da tsada: aji ya cika maƙil, malami ya kasa, tafiya ta yi nisa. Yarinyar da makaranta ta yi wa nisa kuwa, sau da yawa ɗakin miji take ƙarewa.

Saboda haka, duk ma'aikacin da zai sa hannu a takardar rufe makaranta, wajibi ne ya fara amsa tambaya guda: gobe da safe, ina yaran nan za su zauna?