Labarin Ishmael Beah da Alhakin da ke Kan Mai Karatu



An nemi in yi magana kan yadda masu karatu ke karɓar littafin mutumin da ya tsira daga yaƙi. Na zaɓi littafi guda, A Long Way Gone, wanda Ishmael Beah ɗan ƙasar Saliyo ya wallafa a 2007, domin duk irin martanin da ake yi wa irin waɗannan littattafai an yi masa.

Yaƙin basasar Saliyo ya ɓarke a 1991, bai ƙare ba sai 2002, kuma an ƙiyasta ya ci rayukan mutum kusan 50,000. Beah ya ce yana ɗan shekara 12 ya bar ƙauyensu tare da wansa, za su garin Mattru Jong wata gasar waƙa da rawa, sai 'yan tawayen RUF suka afka wa yankin. Ya yi watanni yana gararamba a daji. Ranar da aka ce masa iyayensa na wani ƙauye nan gaba kaɗan, kafin ya ƙarasa an cinna wa ƙauyen wuta. Uwa, uba da 'yan'uwansa biyu maza, duk ya rasa su. Yana shekara 13 sojojin gwamnati suka ɗora masa bindiga, suna ɗura wa yaran ƙwayoyi da wiwi da hodar iblis haɗe da garin harsashi, da dare a kunna musu finafinan Rambo. A 1996 asusun UNICEF ya cire shi daga fagen daga, aka kai shi gidan gyaran tarbiyya a Freetown.

Martani na farko shi ne tausayi. Littafin ya yi kasuwa sosai a Amurka, har shagunan shan kofi na Starbucks suka riƙa sayar da shi. Mutane sun zubar da hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne. Damuwata a nan ita ce tausayi yakan tsaya inda ya fi sauƙi. Mai karatu yana son yaron da ke gudu da kaset ɗin waƙa a aljihu, kaset ɗin da ya cece shi lokacin da mutanen wani ƙauye suka ɗaure shi suna zaton ɗan tawaye ne, sai da suka saurari waƙar suka ga ya yi rawa, sannan suka yarda yaro ne. Amma wannan yaron shi ne dai wanda daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ya yanka fursuna a wata gasa tsakanin yara sojoji. Wanda ya karɓi shafin farko ya kawar da kai daga na biyun, rabin mutum ya karanta.

Martani na biyu shi ne shakka. A 2008 jaridar The Australian ta buga rahotanni cewa harin da ya raba Beah da gida a 1995 ya faru, ba a 1993 ba kamar yadda ya rubuta, wanda hakan ke nufin watanni kaɗan ya yi yana soja maimakon shekara biyu. Beah da mawallafansa suka tsaya kan bakarsu. Ni ina ganin bincike haƙƙin mai karatu ne, domin wanda ya ce labarinsa gaskiya ne ya amince a auna shi da ma'aunin gaskiya. Sai dai a riƙa tuna wa ake bincika: yaro ne mai yunwa, a buge da ƙwaya, a dajin da babu kalanda. Gardamar shekaru tana da gurbinta, amma ba ta dawo masa da mahaifiyarsa ba, ba ta kuma goge cewa an tura dubban yara yaƙi a Saliyo ba. A shekarar da littafin ya fito, kotun musamman kan Saliyo ta yanke hukunci kan wasu shugabannin mayaƙa bisa laifin ɗaukar yara aikin soja, karo na farko da wata kotun ƙasa da ƙasa ta yi hakan.

Martani na uku ba a cika furta shi a bainar jama'a ba: tsoro. Mutum ya rufe littafin ya ce a ransa, Allah ya shirye shi, amma kada ya zauna kusa da 'ya'yana. A nan ne littafin ya fi koya mana darasi. Abin da ya dawo da Beah cikin mutane hannun mutane ne. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Esther ta jure zaginsa da shirunsa, ta sayo masa na'urar sauraren kaset, ta zauna tana jinsa ba tare da ta tsare shi da tambaya ba. Ɗan'uwan mahaifinsa kuwa, kafinta mai ƙaramin ƙarfi wanda bai taɓa ganinsa ba, ya zo ya kira shi ɗansa, ya kai shi gidansa cikin nasa 'ya'yan. Daga irin wannan riƙo ne yaron ya kai ga kammala karatu a kwalejin Oberlin a 2004.

'Yan'uwa, wannan labari bai yi mana nisa ba. Sojojin Najeriya sun zubar da jininsu a Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG. Yau kuma a Borno da Yobe da yankin Diffa akwai yara maza da mata da Boko Haram ta sace, suka kuɓuto, suka tarar ana nuna su da baki, ana hana yara wasa da su, ana ƙin auren 'yan matan cikinsu. Yawancinsu ba za su taɓa rubuta littafi ba. Hannunka mai sanda Beah ya yi mana game da su.

Don haka roƙona gare ku, musamman ɗalibai, ku karanta irin waɗannan littattafai har ƙarshe, da shafukan da ke sa kuka da waɗanda ke tayar da tsikar jiki. Ku yi tambaya inda ya dace, cikin ladabin da ake yi wa mai makoki. Malamai kuma su taimaka wa waɗanda suka tsira a cikinmu su rubuta nasu labarin da Hausa da Kanuri. In irin wannan yaro ya dawo unguwarku, ku sa shi makaranta, ku koya masa sana'a, ku ci abinci kwano ɗaya da shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya.